Wace fitila za ka saya wa barkonon cikin ɗaki?

Barkono shuka ce mai son rana, kuma hasken da ke shigowa ta taga sau da yawa ba ya isar sa. Sai ka ga ya miƙe siriri, ganyen ya koɗe, furen na zuba tun bai ƙulla ba. Kafin ka fitar da kuɗi, ka san abin da kake nema: rainon tsiro ne kawai har a kai shi waje a dasa, ko so kake ka tsinki 'ya'ya a cikin ɗakin? Bukatar ba ɗaya ba ce.

Tsohon ƙwan lantarki mai zare, ka manta da shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa.

Dogon ƙwai irin T5 yana da kyau ga ƙananan tsiro. Ba ya zafi sosai, ana sauko da shi har santimita 10 daga kan ganye. Amma da shukar ta yi tsawo, haskensa ba ya ratsawa ƙasa, 'ya'yan sai ɗai-ɗai. HPS kuwa, wato ƙwan sodiyam mai hasken ruwan lemo, ƙarfi gare shi, masu manyan rumfunan shuka sun daɗe suna amfani da shi, sai dai ga cin wuta ga zafi, dole a haɗa masa fanka. Barkono kan zubar da fure idan zafi ya haura digiri 32, saboda haka a ƙaramin ɗaki wahala ce kawai.

Ni dai LED nake ba da shawara, amma a nan ne aka fi cutar mai saye. Za ka ga an buga "1000W" ɓaro-ɓaro a jikin kwali, alhali abin da fitilar ke ja daga soket bai wuce wat 100 ba. Nemi ainihin wat ɗin a ƙananan rubutu. Lumen ma kada ya ruɗe ka, awo ne na yadda idon mutum ke ganin haske. Abin da ya shafi shuka shi ne PPFD, wato yawan hasken da ke sauka a kan ganye. Tsiro na wadatuwa da 200 zuwa 300, mai fure da 'ya'ya kuwa yana son 400 zuwa 600. Kamfanin da bai nuna wannan adadi da tazarar da aka auna shi ba, ina shakkar kayansa.

Sai batun launi. Akwai mai hasken shunayya, haɗin ja da shuɗi, akwai kuma fari. Dukansu suna raya shuka. Amma a ƙarƙashin shunayya ganye baƙi-baƙi yake fitowa, ba ka gane ƙwari ko rawayar ganye sai abu ya yi nisa, ga shi yana gajiyar da ido idan a ɗakin kake zama. Fari mai 3500K zuwa 4000K (K awon launin haske ne) yana kai barkono tun daga tsiro har girbi.

Idan da hali, ɗauki wadda ake rage mata ƙarfi, ka rataye ta kamar santimita 30 zuwa 45 sama da shukar, kana ɗaga ta yayin da take girma. Ka ware ɗan kuɗi kuma don na'urar kunnawa da kashewa, domin awa 14 zuwa 16 na haske ake so kullum, sauran lokacin a bar shi cikin duhu.