Gadon da ake ɗaga katifarsa: ya dace da ƙaramin ɗakin mutum biyu?

A ƙaramin ɗakin kwana gado ne ke cinye fili. Ɗauki ɗaki mai faɗin mita 2.7 da tsawon mita 3. Katifar mutum biyu mai santimita 140 da 200, idan aka haɗa da katakon gado, takan kai kusan 150 da 210. A sa gadon a tsakiya, kowane gefe ya sami santimita 60, daidai hanyar wucewar mutum ɗaya. A wajen ƙafa saura 90, sif ɗin rataye kaya kuwa zurfinsa 60 ne. To ina za a tsaya a buɗe shi? Wannan matsin ne ya sa muke ganin gado mai ma'ajiya a ciki, wanda ake ɗaga katifarsa kamar murfin akwati, ya cancanci a duba shi da kyau.

Abin da ya fi burge mu shi ne yawan kayan da yake ci. Cikinsa yakan yi zurfin santimita 20 zuwa 30. Mai zurfin 25 a ƙarƙashin katifar mutum biyu yana ba da wajen lita 600 zuwa 700, wurin da a da ƙura kawai ke zama. Barguna, zannuwan gado, akwatin tafiya da kayan sanyi duk suna shiga. Gado mai durowa a gefe bai kama ƙafarsa ba a irin wannan ɗaki, domin durowa tana son santimita 50 ko fiye kafin ta fito duka, sannan kai ma kana son wurin durƙusawa. Ga shi kuma wadda ke wajen kan gado kullum teburin gefen gado ya tare ta. Mai ɗagawa sama yake buɗewa, ban da wurin tsayawa ba ya neman ko taku ɗaya a ƙasa.

Iri biyu ne: wanda ake ɗagawa daga ƙafa, da wanda ake ɗagawa daga gefe. Ɗakin ne zai zaɓa maka. Idan akwai wurin tsayawa a ƙafar gado, ɗauki na ƙafa. Idan ƙafar ta kusa taɓa bango, na gefe ne naka, kuma ka tabbata ɓangaren da ke buɗewa yana kallon hanya, ba bango ba. Wasu ana iya juya hinjinsu dama ko hagu wajen haɗawa, wasu ba a iyawa, don haka a tambaya tun kafin a biya.

Ran gadon nan yana ga sandunan gas guda biyu da ke ɗaga shi, irin waɗanda ke riƙe murfin but ɗin mota. A jikin kowace an rubuta ƙarfinta da lamba da harafin N, misali 800N ko 1000N. Dole ƙarfin ya yi daidai da nauyin katifa. Katifar soso marar nauyi a kan sanduna masu ƙarfi tana sa gadon ya ƙi rufuwa, ko ya zabura sama da zarar ka taɓa igiyar. Katifa mai sifirin, mai kauri, a kan sanduna marasa ƙarfi kuwa sai ka yi nishi kafin ka ɗaga, kuma ba za ta tsaya a sama ba. Wannan na biyun shi ne mai haɗari, domin ƙarfe da katifa na iya faɗowa a wuyan wanda ya sunkuya. A auna katifa a sikeli, a gwada da nauyin da kamfanin ya rubuta. Ranar da gadon ya fara saukowa da kansa, gas ya fara zurarewa: a canza sandunan biyu tare, kada a canza ɗaya. Kafin nan a tokare shi da katako duk lokacin da za a sa hannu ciki. Yara kuwa kada a bari su buɗe shi sam.

Wajen haɗawa ana son mutum biyu. Kada a ɗaure notuna tamau sai an auna kusurwa zuwa kusurwa an ga awon biyu ya zo ɗaya, in ba haka ba murfin zai riƙa gogar gefe. Sandar gas ana ɗaura ta bututun mai kauri a sama, siririn ƙarfen a ƙasa, don man da ke ciki ya riƙa jiƙa robar bakinta, sai dai in takardar gadon ta nuna wani tsari. Da yawa sukan ɗauka sandar ta lalace saboda ta ƙi dannuwa da hannu. Lafiyarta ƙalau, ba a yi ta don hannu ba. A ɗora katifa tukuna, sannan a danna a hankali, karo biyu ko uku na farko da tauri. Bayan wata guda a sake bin notunan da sufana, domin daga sakinsu ƙarar dare take farawa.

Inda gadon ya gaza shi ne iska. Akwati ne rufaffe, jikin mutum kuma yana fitar da gumi cikin katifa kowane dare. Gadon da aka shimfiɗa wa falle ɗaya na katako marar huda yana tara danshi, sai funfuna ta kama bayan katifa da kayan ciki. Mai jerin siraran katakai ya fi, tazarar tsakaninsu kada ta wuce santimita 7. A duba gindinsa ma: wasu ƙyalle kawai aka shimfiɗa a ƙasa, ƙura na shiga ta gefe, mai katako a ƙasa ya fi tsafta nesa ba kusa ba. Kayan da bai bushe sarai ba kada ya shiga, kuma sau ɗaya a mako a bar shi a buɗe na rabin awa.

Ba wurin kayan yau da kullum ba ne. Babu mai son ɗaga katifa da matasai don ɗauko safa da asuba, balle ma wani na kwance. Tsarin da ya fi aiki a ɗakin da muka auna shi ne a matsar da gadon jikin bango, a sami santimita 120 a gefe ɗaya: 60 na sif mai ƙofar turawa, 60 na hanya. Mai kwana ta bango zai riƙa sauka ta ƙafa, wannan shi ne abin da aka sadaukar. Maimakon teburin gefe a kafa ƙaramar kanta a bango, fitilar karatu ma a bango. Kabad ɗin da za a kafa saman kai kada zurfinsa ya wuce santimita 30, kuma a ɗaga shi yadda mai zaune a kan katifa ba zai bugi goshi ba.