Wane faifai ya kamata ka saya don ɗora Windows ko Linux a wajen kwamfuta?

Ɗalibin da ke son koyon Linux ba tare da ya taɓa Windows ɗin laftof ɗinsa ba, da mai gyaran kwamfuta da ke son yawo da kayan aikinsa a aljihu, da wanda kwamfutar gida ce ake haɗaka da ƙanne, duk buƙatarsu ɗaya: faifan waje da za a ɗora wa babbar manhaja, wato Windows ko Linux, a soka shi a USB, kwamfuta ta tashi daga kansa. Kuma kusan dukansu, da zarar sun isa shago, tambayar farko ita ce "giga nawa ne?" Wannan tambayar a ƙarshe ya kamata ta zo. Abin da zai sa ka ji daɗin aikin ko ka tsane shi shi ne irin faifan da kuma ramin da za ka soka shi.

Mu fara da faifai mai juyawa, wato HDD, irin su WD Elements, Seagate Expansion da Toshiba Canvio. Shi ne ya fi jan hankali, domin da kuɗi kaɗan za ka samu tera guda. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai bin saman farantin yana neman bayani. Idan babban bidiyo za ka kwafa, zai ba ka wajen megabait 100 a daƙiƙa, ba laifi. Amma babbar manhaja ba haka take aiki ba. Tun daga kunnawa, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, kuma kowanne sai hannun nan ya tashi ya je ya same shi. Irin wannan karatu, HDD yana yin kamar ɗari a daƙiƙa, SSD kuwa, wato faifan da ba abin da ke juyawa a cikinsa, dubbai. Kamar mai awo ne da aka ce ya auna buhu guda, da wanda aka ce ya tsinto ƙwaya ɗai-ɗai daga rumbuna daban-daban. Ga shi kuma ba ya son jijjiga: ya zame daga tebur yana cikin aiki, an gama. Ka saye shi don ajiyar hotuna da takardu, amma ban ba ka shawarar ka ɗora masa manhajar da za ka yi aiki da ita kullum ba.

Filashi kuma ya fi wannan muni wajen rubuta ƙananan fayiloli, yana saurin zafi, yana saurin mutuwa, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Za ka ga an rubuta 128GB, ka zuba kaya, su ɓace. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan. Amfanin filashi a nan shi ne ɗaukar fayil ɗin girka Windows ko Linux, ta hanyar Rufus ko Ventoy, manhajojin da ke shirya filashi don wannan aiki. Giga 16 ya isa.

Saura SSD, kuma nan ne zaɓin gaskiya yake. Akwai wanda aka haɗa tun daga kamfani, kamar Samsung T7, SanDisk Extreme ko Crucial X9, masu gudun da ya kai wajen megabait 1,000 a daƙiƙa. Ƙanana ne, ba ruwanka da haɗa komai, sai dai tsada, kuma su ma ana yin jabunsu. Akwai kuma wanda za ka haɗa da kanka: ka sayi SSD na cikin kwamfuta, ka sayi kwansonsa mai USB irin na Ugreen ko Orico, ka zura shi ciki. Wannan na fi so, saboda idan kwanson ya lalace ka canza shi kawai, idan kuma wata rana ka ga dama ka cire faifan ka mayar da shi cikin laftof.

A nan ma iri biyu ne, gwargwadon hanyar da faifan ke sadarwa da kwamfuta: SATA da NVMe. SSD na SATA mai inci 2.5 iyakarsa wajen megabait 550. NVMe ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, amma kafin ka biya kuɗinsa duba gefen kwamfutarka. Yawancin laftof na gwanjo da muke amfani da su, irin tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude, USB 3.0 gare su, mai shuɗin harshe ko alamar SS, kuma abin da yake iya wucewa ta cikinsa bai fi megabait 400 zuwa 450 ba. A irin wannan rami, SATA da NVMe kusan kunnen doki suke yi, alhali NVMe ya fi cin wuta, ya fi ɗaukar zafi. A watan Afrilu kwanson roba ba zai yi masa ba, sai na ƙarfe. Idan raminka mai gigabit 10 ne, wanda ake kira USB 3.2 Gen 2, to NVMe ya cancanci kuɗinsa. Sai ka lura cewa siririn faifan M.2 akwai na SATA akwai na NVMe, kuma ba kowane kwanso ne ke karɓar duka biyun ba. Ko wanne ka ɗauka, nemi kwanson da aka rubuta UASP a kwalinsa, wato tsarin da ke ƙara saurin musayar bayanai ta USB. Ramin USB 2.0 kuwa, mai ba da megabait 40 da ƙyar, zai durƙusar da kowane faifai. Haka ma kebul: USB-C siffar baki ce kawai, kuma da yawa daga kebul ɗin cajin waya gudun USB 2.0 suke yi. Yi amfani da gajeren da ya zo da kwanson.

Yanzu ne maganar giga ta zo, kuma ta dogara da manhajar. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na neman giga 25, Windows 11 na neman 64, amma sabuntawa da manhajojin aiki suna cinye wuri da sauri. Ga Linux, 128 ya wadatar; ga Windows kada ka yi ƙasa da 256.

Windows ba ya son zama a waje. Manhajar da ke girka shi za ta ƙi faifan USB kai tsaye. Microsoft ta taɓa samar da hanyar da ta kira Windows To Go a zamanin Windows 8, ta cire ta a 2020, amma Rufus har yanzu yana da zaɓi mai wannan suna kuma yana aiki. Matsalar ita ce lasisi yana manne da kwamfutar da aka tabbatar da shi a kanta, don haka idan kana sauya na'ura zai riƙa neman a sake tabbatar da lasisin. Linux Mint da Ubuntu ba su da wannan damuwa, suna girkuwa a faifan waje kamar na ciki, suna tashi a kwamfutoci daban-daban. Tarkonsu guda ne, kuma ya kama mutane da yawa: manhajar da ke girka Mint takan ajiye fayilolin tada kwamfuta a faifan ciki ko da ka nuna mata na waje, sai ka kai faifan wata kwamfuta ya ƙi tashi. Maganin shi ne ka cire faifan ciki, ko ka kashe shi a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin manhaja ta tashi, kafin ka fara. Idan Windows ɗinka yana da BitLocker, makullin da ke kulle bayanan faifai, rubuta lambar buɗe shi a takarda kafin ka taɓa Secure Boot, saitin tsaro na cikin BIOS.

Idan SSD na gwanjo za ka saya, je da laftof ɗinka shagon. Ka ce wa mai kayan, "Malam, bari in gwada a gabanka." Soka shi, buɗe manhajar CrystalDiskInfo, za ka ga sa'o'in da faifan ya yi yana aiki da kason lafiyar da ya rage masa. Sannan ka kashe kwamfutar ka kunna, ka danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko Lenovo, don ka ga jerin faifan da kwamfutar za ta iya tashi daga kansu. Faifan da ba a ɗora wa komai ba wataƙila ba zai fito a jerin ba, don haka ka roƙi mai shagon ya yarda ka dawo da kwanson idan ka girka manhajar ya ƙi tashi.