Hattara da mai jakar buji da ke yawo a tashoshin Tahoua

Assalamu alaikum. Masu motocin gazuwal na Tahoua da kewaye, musamman masu Hilux da HiAce irin na dauri, ku saurara. Tun da hunturu ya kama, akwai wani mutum da ke zagaya tashoshi da sassafe, rataye da baƙar jaka, yana neman motar da ta ƙi tashi. Ni ya cuce ni jikka 40, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Tawa Hilux ce mai injin 3L, albasa nake ɗaukowa da ita daga Tamaske. Cikin Disamba ta fara gardama da safe: ka yi ta murza makulli, injin na juyawa amma ba ya kamawa, in ya kama kuma sai farin hayaƙi mai yaji a ido da kakkarwa. Da rana kuwa lafiya lau. Duk mai gazuwal ya san wannan alamar. Injinmu ba shi da tartsatsi irin na mai esans, zafin matsewar iska ne ke kunna man, shi ya sa in ƙarfe ya kwana cikin sanyi sai bujin zafi ya ɗumama masa wuri tukuna.

Ina tsaye bakin mota raina a ɓace, sai ga shi. "Alhaji, sannu da fama. Bari in duba maka, kyauta ne." Ya fiddo wata 'yar na'ura mai allo, ya cusa wayarta ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta danne-danne yana girgiza kai. Sannan ya ɗauko fitilar gwaji, ya cire ƙarfen da ya haɗa kawunan bujin, ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Ka gani da idonka, Alhaji, duk huɗun sun mutu." Ya buɗe jaka, ga kwalaye sababbi fil da sunan manyan kamfanoni a jiki. Kafin ya gama ɗaurawa hantsi ya dubi ludayi, mota ta sha rana, murzawa ɗaya ta tashi. Na biya har da godiya. Tsofaffin nawa ya zuba a jaka, wai zai jefar mini.

Washegari da asuba, jiya i yau.

Wani dattijo mai gyaran wutar mota ne ya warware mini zare da abawa. Da na ba shi labarin na'urar, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Ɗana, motarka wace kwamfuta gare ta? Famfon man 3L na ƙarfe ne zalla, babu abin da zai yi magana da allo." Sai ya tambaye ni a ina mutumin ya maƙala bakin fitilarsa. Na nuna masa. Ashe a kan batiri na ragi ya maƙala, wanda yake haɗe da jikin mota. Shi ma buji da jikin injin yake haɗe, to wuta za ta fito daga ina? Ko sabo dal ka taɓa a haka, fitila ba ta kamawa. A kan mai alamar ƙari ake maƙalawa: in ta kama, zaren cikin bujin bai tsinke ba. Mai mitar awon wuta kuma yakan ga kusan om 1 (ma'aunin juriyar wuta) a lafiyayye, matacce kuwa ba ya nuna komai.

Baba ya mayar da ƙarfen, ya juya gwajin. Ya maƙala fitila a jikin injin, ya ɗora tsininta kan ƙarfen, ya ce in buɗe kontak. An ji "ƙas" daga rale, wato makunnin da ke sakar wa buji wutar batiri, amma wuta ba ta iso ba. Babban fiyus lafiyarsa ƙalau. Da ya ɓare ralen, bakinsa ya ƙone ƙurmus. Ba abin mamaki ba ne, buji huɗu na jan wuta mai yawa a lokaci guda, shekara da shekaru. Ciwon ke nan tun farko, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da na ba wancan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne "sababbin". Biyu matattu ne tun daga kwali, an goge su da burushin ƙarfe har suna ƙyalli. Ɗaya na motar batiri biyu ne, mai bolt 24, wanda a tawa mai 12 ko ja ba zai yi ba. Na huɗun an kankare lambar jikinsa gaba ɗaya, kuma shi ne wanda Baba ya fi tsoro. Ya ce in bujin da aka yi don ƙaramar wuta ya sha wadda ta fi ƙarfinsa, tsininsa kumbura yake yi, ya ƙi fita, ko ya karye ya faɗa kan fistan. Daga nan sai sauke kan injin. Nawa na asali kuwa, waɗanda mai yiwuwa babu abin da ya same su, suna can cikin jaka suna jiran burushi da wani Alhajin.

Saboda haka duk wanda zai gwada muku buji, ku tsaya a kansa ku ga inda ya maƙala waya, ku sa a duba ko wuta na isowa daga rale kafin a kwance ko guda. Buji huɗu ba su cika mutuwa rana ɗaya ba. Ku dubi lambar bolt da aka buga a jikin bujin, kada kwali ya ruɗe ku, ku karɓe tsofaffinku, kuma kar ku biya sai mota ta kwana ta tashi da sanyin asuba.

Dogo ne siriri, yana hawan ƙaramin babur, ba shi da garaji, lambar wayar da ya ba ni ba ta shiga. Wani direban Abalak ya ce irin wannan wasan fitilar aka yi masa makon jiya, an kuma ce an ga mai jakar wajen Ƙonni. Ku tura wa 'yan tasharku.