Tagullar injin 3D ko ta zubi: wacce za ka saya?

Manomin rani a Ajiwa ko Jibiya da farfelar famfonsa ta cinye, aka kuma daina kawo irinta, zai iya samun tayin a buga masa sabuwa da injin 3D, wato injin da ke ƙera kaya shimfiɗa bisa shimfiɗa daga zanen kwamfuta. Kafin ya biya, ya kamata ya tambayi hanyar da za a bi, domin abubuwa uku ne ake sayarwa da sunan tagulla.

Mafi inganci ita ce wadda hasken leza yake narkar da garin tagulla, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta kai kaurin takarda ba. Haɗin da aka fi amfani da shi, CuSn10, kashi 90 jan ƙarfe ne, kashi 10 kuza. Da yake narkakken wurin yana hucewa nan take, ƙwayoyin cikin ƙarfen suna fitowa ƙanana ƙwarai, saɓanin na zubi da suke girma a hankali, kuza ta taru wuri-wuri. Wani bincike na 2015 ya nuna ta leza tana jure ja har kusan megafaskal 420 (ma'aunin ƙarfin da ƙarfe ke jurewa), ta zubi kuwa 180. Sai dai jan ƙarfe yana mayar da hasken leza, don haka idan saitin injin ya kuskure, ƙananan ramuka kan rage a ciki, kuma daga nan tsagewa take farawa. Ka nemi takardar gwaji, ka tabbatar cikar ƙarfen, wato rashin ramuka a cikinsa, ta haura kashi 99, ka kuma tambaya ko an gasa kayan bayan bugawa, domin gashin yana rage tauri amma yana hana saurin karyewa.

Ta biyu garin baƙin ƙarfe ne da aka manne, aka ɗura masa tagulla kusan kashi 40. Sau da yawa maganaɗisu yana kama ta, kuma tana iya tsatsa cikin ruwa. Ta uku roba ce mai garin tagulla, ta ado ce kawai.

A ganina, idan bushi kake nema, wato zoben da shaf (sandar da ke juya farfela) yake juyawa a cikinsa, kada ka wahalar da kanka. Sandar tagullar zubi mai ɗan dalma, wadda masu injin sassaƙa ƙarfe a Katsina za su fere maka, ta fi araha, ta kuma fi santsi a jikin shaf. Tsadar leza tana biyan kanta ne a kan kaya masu lanƙwasa da hanyoyin ruwa a ciki, kuma ko su ma fuskarsu kan fito da kaushi, sai ka sa kuɗin gogewa cikin lissafinka.