Rajistar ƙungiyar kula da tsofaffi a CAC: inda aikin ya yi kyau da inda ya gaza

Yawancin ƙungiyoyin da ke kula da tsofaffi a Abuja daga ƙofar masallaci ko majami'a suke farawa, ko daga taron 'yan gari ɗaya da zama ya haɗa su a Dei-Dei, Zuba ko Gwagwalada. A yi karo-karo, a sayi hatsi da maganin hawan jini, a kai wa gajiyayyu gida, kuɗin kuma na zaune a asusun mutum ɗaya da aka yarda da shi. Ranar da mai taimako ya ce sai dai ya tura a asusu mai sunan ƙungiya, ranar banki zai ce a kawo takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Wannan hidima muka ɗora a sikeli: rajistar amintattu (Incorporated Trustees), wato mutanen da ƙungiya ta zaɓa su riƙe mata dukiya, a ƙarƙashin dokar kamfanoni da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020.

Hukuncinmu shi ne rajistar ta cancanci kuɗinta da wahalarta. Tana mai da ƙungiya mutum a idon doka, mai iya mallakar fili, buɗe asusu, kai ƙara ko a kai ƙararta, kuma ba ta mutuwa don wanda ya kafa ta ya rasu. Rauninta kuwa, tana karɓar tsarin mulkin da ba zai iya tafiyar da gidan tsofaffi ko na wata guda ba.

Hedikwatar hukumar tana Maitama, amma ba lallai ka taka can ba, don aikin ya koma shafinta na intanet, takardar shaidar ma a nan take fitowa a sauke a buga. Ana farawa da neman suna, kuma sunan ƙungiya sai ya sami amincewar Babban Magatakarda. In an amince, kwana 60 ake ajiye maka shi. Nan ne kuskuren farko yake: a yi gaggawar kama suna tun ba a zauna taro ba, wa'adi ya ƙare ana jayayya a kan wa zai zama shugaba. A fara yin babban taro, a zaɓi amintattu, a amince da tsarin mulki, shugaba da sakatare su sa hannu a rahoton taron, sannan a je neman suna. Doka ta yarda da amintattu daga biyu zuwa sama. Ta hana ƙaramin yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bashi bai fita ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce. Kowane amintacce zai kawo lambar NIN, hoto, sa hannu da takardar rantsuwa.

Sai sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, aƙalla ɗaya mai zagaya ƙasa, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Abin da ya fi dawo da takardun mutanenmu shi ne rubutun suna. Mutum ɗaya, Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a rahoton taro. Ko a sa sunan gari a gaba a wata takarda, a baya a wata. In kuskuren ya shiga jarida, sai an sake biyan kuɗin bugawa, lissafin kwanakin kuma ya koma farko. A ɗauki katin NIN na kowa a kwafi sunan harafi da harafi, kada a rubuta da ka. Wanda zai ba ejan aikin ya tabbata ejan ɗin lauya ne, ko akanta, ko sakataren kamfani da hukumar ta tantance, kuma a yi rajistar da imel da lambar wayar ƙungiya. Sau da yawa ejan kan sa nasa, bayan shekara biyu a neme shi a rasa, ƙungiya ta kasa shiga shafinta.

Har zuwa nan hukumar ta yi abin a yaba. Matakan a bayyane suke, in an dawo da takarda kuma ana faɗin abin da za a gyara.

Matsalar tana cikin tsarin mulki. Abin da doka ta nema a ciki kaɗan ne: suna, manufofi, yadda ake naɗa amintattu da cire su da wa'adinsu, taruka, kwamitin gudanarwa, hanyar samun kuɗi da kashe su, binciken asusu, da yadda ake gyara tsarin. Ejan yakan ɗauko samfurin da ya yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan kasuwa, ya canja suna kawai, hukuma ta karɓa, domin nata shi ne ta ga an cika sharuɗɗan. Amma ƙungiyar da ke riƙe da dattijon da gigin tsufa ya kama, wanda ba ya tuna ko ya ci abinci balle ya kai ƙara, amanar da ke wuyanta daban ce, kuma dole a rubuta ta.

Abu na farko da za a raba shi ne masu sa ido da masu aiki. Amintattu su riƙe dukiya, su amince da kasafin shekara, su ɗauki manaja su kuma iya sallamarsa. Manaja ya tafiyar da aikin yau da kullum, ya kawo rahoto duk wata uku. In wanda ya kafa ƙungiya shi ne shugaban amintattu, shi ne manaja, matarsa ma'aji, ƙaninsa mai sayo kaya, to babu wanda zai tambayi wani. Sashe na 838 na dokar kamfanonin ya riga ya hana ɗan kwamitin gudanarwa riƙe muƙamin albashi a ƙungiyar, in ban da wanda muƙaminsa ne ya kai shi kujerar. Abin da aka yarje shi ne mayar masa da kuɗin da ya kashe daga aljihunsa, kuɗin hayar gidan da ya ba ƙungiya daidai kima, ko ladan wani aiki da ya yi. Mutane da yawa suna sa hannu ba su karanta wannan ba. Shawararmu amintattu biyar ko bakwai, don ƙuri'a kada ta yi kunnen doki, wa'adin shekara uku ko huɗu mai sabuntuwa sau ɗaya, kuma kada wa'adin kowa ya ƙare rana guda. A samu likita ko nas a ciki, da mai sanin lissafi, da mace aƙalla ɗaya, don akwai abin da dattijuwa ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da shi ne ke biyan kuɗin maganinta.

Sai kuɗi, kuma iri biyu ne. Akwai na ƙungiya, wanda sa hannun mutum biyu daga cikin uku zai fitar, kuma mai neman a biya ba shi ne mai amincewa ba. Akwai kuma na tsofaffin kansu: fansho, katin ATM, abin da 'ya'ya ke turowa, wani lokaci har takardar fili a ƙasan akwati. Babu samfurin tsarin mulki da ke ambatar wannan, alhali a nan aka fi cin amana. A rubuta ƙarara cewa ma'aikaci ba ya riƙe kati ko lambar sirrin tsoho, ba ya karɓar kyauta ko wasiyya daga wanda yake jinya, kuma duk kayan da tsoho ya zo da su a rubuta a littafi gaban ɗan uwansa da shaida. Zakka ma a ware mata shafinta. Masu cin ta sanannu ne, bai kamata ta gauraya da kuɗin gini ko na man janareta ba. Buhunan shinkafa da ke zubowa cikin azumi su shiga littafin sito ranar da suka iso, tare da sunan wanda ya karɓa.

Rahoton manaja kuma kada ya tsaya a naira da kwabo. Amintattu su riƙa tambayar mutum nawa suka faɗi a wannan zango, a ina, da wane lokaci. Nawa suka sami gyambon kwanciya, tunda wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar duk awa biyu. Ranaku nawa maganin sukari ko na hawan jini ya yanke. Wa ya rame. Amsoshin nan su ke nuna ko ma'aikatan dare sun isa. A kuma ba iyali lambar amintacce ɗaya da za su kai wa ƙorafi kai tsaye ba ta hannun manaja ba, don wanda ake ƙorafi a kansa ba zai kai saƙon ba. Haka batun rasuwa: tun ranar karɓar tsoho a rubuta wanda za a kira, addininsa, da wanda zai ba da izinin jana'iza in ba a sami dangi ba, domin gawar Musulmi ba ta jiran taron kwamiti.

Bayan an karɓi takarda ma hulɗa da hukumar ba ta ƙare ba. Ana shigar da rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar rajista. Ƙungiyar da ta bari ya taru za ta ga shafin hukuma ya nuna ba ta aiki, ga tara, kuma masu ba da tallafi suna dubawa. Canjin amintacce shi ma sai an yi taro, an sake buga jarida, an jira kwana 28. A ganinmu wannan ya yi wa ƙananan ƙungiyoyi nauyi, shi ya sa ake samun sunayen mamata a takardun wasu shekara da shekaru, sai ranar da banki ya nemi sa hannu asusu ya tsaya, tsofaffi na jiran abinci. A sa kuɗin wannan canji a kasafi tun kafin buƙata ta taso. Sashe na 839, wanda ya ba hukuma ikon dakatar da amintattu a naɗa manajan riƙo, ya ta da ƙura daga majami'u da ƙungiyoyi, kuma a 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya soke shi tare da wasu sassa. Wannan kada ya sa a daina ajiye littattafan kuɗi ko kiran mai binciken asusu daga waje.

Takardar CAC ba lasisin jinya ba ce. Gidan da zai kwantar da tsofaffi yana ba su kulawar asibiti a Abuja sai ya bi ta kwamitin rajistar asibitoci masu zaman kansu na Babban Birnin Tarayya, wato PHERMC, nas ɗinsa kuma ta riƙe lasisin hukumar nas-nas da ungozomomi mai aiki. Banki zai nemi lambar haraji, galibi har da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Harajin albashi yana bin inda ma'aikaci yake kwana ne, don haka na mai zama a Mararaba jihar Nasarawa zai tafi ko da a Karu ta Abuja yake aiki. Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, ita ce hukumar tarayya da ta keɓanta da sha'anin tsofaffi, ya dace ƙungiya ta gabatar da kanta a can.

Ƙungiyar da ke shirin karɓar kuɗin kwana daga masu hali don ta ɗauki nauyin marasa shi, ta sa lauya ya duba mata rajistar kamfanin da mambobi ke tsaya wa lamuni (Limited by Guarantee) kafin ta yanke shawara. Wancan yana buƙatar izinin Antoni Janar na Tarayya da lamunin aƙalla naira 100,000 daga mambobi, amma ya fi dacewa da harkar da kuɗin shiga ke yawa. Mai kai abinci, magani da ziyara gida-gida kuwa, rajistar amintattu ta ishe shi, muddin ƙungiya ta zauna ta rubuta tsarin mulkin da kanta kafin a miƙa wa ejan.