Fitilar HA ta yi rawaya: yadda Palo Alto, FortiGate da Cisco ASA suka sha bamban

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya. A sabon wurin aikinsa ya tarar da firewall guda biyu, wato na'urorin da ke tsare hanyar sadarwar kwamfutoci, samfurin Palo Alto PA-220, an haɗa su yadda in ɗaya ta faɗi ɗayar za ta karɓi aiki. Irin wannan haɗin shi ake kira HA. Fitilar HA ta ɗaya kore ce, ta ɗayar rawaya. A inda ya baro da firewall na FortiGate suke aiki, kuma kore ya saba gani a duka biyun. Shin ta biyun ta lalace ne, ya kira dillali?

Malam, kada ka kira kowa tukuna, alamar lafiya ce ka gani. Kamfanonin nan ba su yi yarjejeniya a kan ma'anar launi ba, kowanne da tsarinsa. Shi ya sa ake fara karanta sunan da ke jikin fitilar kafin a kalli launinta.

A Palo Alto, fitilar HA matsayin na'ura take faɗa. Kore na nufin ita ke riƙe da aiki yanzu, rawaya na nufin tana zaune tana jira, kamar mai gadi na biyu a kan benci kafin lokacin canji. In fitilar a mace take, haɗin ne ba ya aiki. Saboda haka kore ɗaya rawaya ɗaya shi ne daidai. Abin da zai tayar maka da hankali ma shi ne ka ga duka biyun sun yi kore alhali an tsara ɗaya ce za ta yi aiki, domin wannan na nuna sun daina jin juna, kowacce ta ɗauka ita ce shugaba.

FortiGate kuwa wata tambayar daban fitilarta take amsawa: ina cikin haɗin ko ba na ciki? Babba da mai jira duk kore suke nunawa, sai in mai jiran ya karɓi aiki ne yawancin samfuran ke canza launi. Da ido kaɗai ba za ka san wadda ke jan ragama ba, sai ka shiga na'urar ka buga umarnin get system ha status. A nan ni dai Palo Alto ta fi burge ni, tun daga bakin ƙofa ka san wadda bai kamata ka zare wa kebul ba.

Cisco ASA 5506-X ta fi kusa da Palo Alto, sai dai sunan fitilar Active. Kore ga mai aiki, ruwan goro ga mai jira. Amma a nan tarkon yake. Kusa da ita akwai fitilar Status, kuma ruwan goro a wannan babbar matsala ce: wani ɓangare ya samu tangarɗa, ko zafi ya yi yawa, ko ƙarfin wuta ya fita daga ƙa'ida. Launi ɗaya, akwati ɗaya, fitilu maƙwabtan juna, ɗaya na cewa ina jira, ɗaya na cewa a kawo ɗauki. Wanda aka aika ɗakin sabar ya duba ya kira a waya ya ce "akwai mai ruwan goro" bai gaya maka komai ba, sai ka tambaye shi wace ce.

Wurin tashi ma haka. FortiGate in tana tashi, fitilar STATUS kore ce mai ƙiftawa, in ta gama sai ta tsaya cak. PA-220 rawaya take nunawa a STAT har sai ta gama, kuma ita ba ta da sauri ko kaɗan, takan wuce minti 10. Mutane da yawa a nan suke ɓata ta. NEPA ta ɗauke, an tayar da janareta, an ga rawaya ta ƙi gushewa, sai a zare wuta a mayar, a sake zarewa. Yanke mata wuta tana tsakiyar tashi na iya lalata fayilolinta. A yi haƙuri, in kuma ana son ganin abin da take ciki, a jona kebul ɗin konsol, wanda ke haɗa ta kai tsaye da kwamfuta. Duka ukun, Palo Alto da FortiGate da ASA, a gudun 9600 suke magana ta wannan kebul.

Fitilar gargaɗi ba sai na daɗe a kai ba. FortiGate irin su 100F na da ALARM mai mataki biyu, ruwan goro ga ƙaramar matsala, ja ga babba. ALM ta Palo Alto ja ce kawai. ASA 5506-X ba ta da ita daban, an cusa ta cikin Status.

Wadda ta fi shafar mu ita ce TEMP, ta zafi, kuma PA-220 ta ware mata fitila ta kanta: kore lafiya, rawaya zafi ya wuce misali. Ƙananan na'urorin nan, PA-220 da FortiGate 60F da ASA 5506-X, ba su da fanka, jikinsu ne ke fitar da zafi, kuma iyakar da aka gindaya musu digiri 40 ne. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu, iskar waje kanta takan haura haka, balle ƙaramin ɗaki a rufe da AC ɗinsa ya mutu tare da wuta. Don haka rawayar HA ka ƙyale ta, rawayar TEMP kuwa tashi za ka yi. Kuma kada a ɗora wani abu a kan akwatin, na sha ganin an jibga modem da caja a kai.

Sai fitilun kafofin kebul. A FortiGate, fitilar gudu kore ce in an samu megabit 1000 a daƙiƙa, ruwan goro in 100 ne. Idan kafar da ya kamata ta yi 1000 ta koma 100, fara zargin kebul. Gudun 1000 na buƙatar duka wayoyi takwas na cikinsa, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, shi ya sa waya ɗaya in ta tsinke a wurin matse kai, muddin ba cikin huɗun nan take ba, sau da yawa haɗin ba ya mutuwa, sauka yake yi. ASA 5506-X ba da launi take faɗar gudu ba, da yawan ƙiftawa ne: ɗaya 10, biyu 100, uku 1000.

Abin da babu wadda za ta nuna maka a fitila shi ne ko tsaron kansa na aiki. Lasisi zai ƙare, sabuntawa ta tsaya, wani ya buɗe ƙa'idar da ta bar kowa ya wuce, fitilu na nan kore shar. Ita ma rawayar HA ɗin taka matsayi kawai ta faɗa, ba ta ce saitin mai jiran ya yi daidai da na mai aikin ba. Shiga ka buga show high-availability state, ka tabbata ɗaya active ce, wato mai aiki, ɗaya passive, wato mai jira, kuma layin daidaita saiti ya nuna synchronized, wato saitinsu ya daidaita. In bai nuna haka ba, gyara shi a makon nan, tun kafin ranar da za a buƙaci ta biyun ta karɓi aiki.