Wurin ninkaya a bayan gida: zubi, bulo, faiba ko leda?

Wurin ninkaya mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita 1.4 yana cin ruwa kusan lita 45,000. Nauyin tan 45 ke nan zaune a filin gidanka dare da rana, yana tura bango ta ciki. Ranar da aka kwashe ruwan kuma, ƙasa da ruwan damina su ke turowa ta waje. Da waɗannan biyun ake auna kowace hanyar gini. Don haka kafin cinikin tayil, a haƙa ramin gwaji wanda ya zarce zurfin da ake so, in da hali a watan Agusta lokacin da ruwan ƙasa ya fi tasowa, a bar shi ya kwana biyu a ga ko ruwa zai taru a ciki.

Jar ƙasa mai marmara tana ɗaukar kowane irin gini. Fadama kuwa ruwanta na kusa, kuma yana iya ɗaga kwamin da babu ruwa a cikinsa. Mafi wuya ita ce baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi da kewayen Numan, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. A irin wannan ƙasa kada a sa diga sai injiniya ya zana.

Zubin kankare da rodi shi muka fi ba da shawara a yawancin gidaje, domin kayan aikinsa suna kowace kasuwa, kuma ko bayan shekaru magini na gari zai iya gyara shi. Daɓen ƙasa ya kai kaurin santimita 20, bango 20 zuwa 25, da rodi mai milimita 12 layi biyu, tazarar santimita 15 zuwa 20. Kankaren da ya rufe rodin kada ya gaza santimita 4, in ba haka ba ruwa mai kulorin zai isa gare shi, ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa bangon daga ciki. Haɗin da ya dace shi ne siminti 1, yashi 1 da rabi, tsakuwa 3, abin da ke cin buhu 7 zuwa 8 a kowace kubik mita ta kankare, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi. Wuri mai girman da muka ambata zai ci kimanin buhu 120 zuwa 130, ban da shafe da tayil. Wanda ya kawo maka lissafin buhu 70, ka tambaye shi inda zai rage.

Inda zubi ke lalacewa sananne ne: mahaɗar daɓe da bango. Ana zuba daɓe yau, a zo bango bayan kwanaki, sabon kankare kuma ba ya haɗewa da tsoho ya zama abu ɗaya. Maganinsa a tayar da ɗan gefe na santimita 10 zuwa 15 tare da daɓen a rana guda, a binne robar tare ruwa a tsakiyarsa, rabinta a ciki rabi a waje, ta zagaye wurin babu yankewa. Bangon kuma a zuba shi gaba ɗaya a yini guda, ana bi da injin girgiza kankare. Idan aka cire katako aka ga ramuka kamar saƙar zuma, girgizar ba ta yi ba, kuma shafa siminti a kai rufa-rufa ce kawai. Sai shayarwa: aƙalla kwana 7 ana jiƙa shi, a lulluɓe da buhuna, musamman da hunturu da bazara lokacin da iska ke shanye danshi kafin siminti ya kama. Leburori kan ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi musu sauƙin zuba. Mai gida ya tsaya a kan wannan, domin ruwan da ya yi yawa shi ke barin ƙofofin da yoyo ke bi.

Akwai kankaren da ake fesawa da injin iska a kan rodi, wanda ya yi yawa a Amurka. Yana ba da kowace irin siffa ba tare da katako mai yawa ba, amma ingancinsa yana hannun mai riƙe tiyo. In ba a samu wanda ya ƙware ba, gara zubi.

Bulo shi ne abin da yawancin magina za su fara kawo maka, saboda araha da sabo. Yana yi, amma da sharaɗi. Bulo mai inci 9, rodi tsaye a kowane rami wanda ya taso tun daga cikin daɓe, rodi kwance tsakanin layuka, a cika ramukan da kankare bayan kowane layi biyu ko uku, a ɗaure sama da zubi zagaye. Kusan bulo 360 bangon zai ci. A nan bulo katako ne kawai da ba a cirewa, ƙarfin yana cikin kankare da rodin. Kada zurfi ya wuce mita 1.5, kada a yi shi a laka ko fadama, kuma a buga bulon musamman, domin na kasuwa sau da yawa an matse masa siminti. Kowace mahaɗar bulo hanyar ruwa ce, saboda haka sai an yi shafe mai maganin hana yoyo sau biyu, an lanƙwasa kusurwoyi, sannan a bi da shafin hana ruwa kafin tayil. Tayil ado ne da sauƙin wanki. Ba ya riƙe ruwa.

Faiba kwami ne guda da ake ƙerawa a masana'anta, a kawo a mota, a sauke da kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi. Cikin mako ɗaya ko biyu an gama, kuma santsinsa ba ya barin gansakuka ta kama, wanda ke rage kuɗin magani. Tambayar farko ita ce ko motar za ta shiga layinku, kuren kuma ya tsallake katanga da wayar lantarki. Wajen girkawa ana shimfiɗa ƙananan tsakuwa a daidaita, sannan a riƙa zuba ruwa a ciki ana cike bayan kwamin daidai da daidai, santimita 30 bayan 30. Aka cike waje kafin ciki, bango ya lotsa. Aka cika ciki kafin waje, ya buɗe. Ba a kwashe ruwansa da damina, domin ba shi da nauyin da zai danne ruwan ƙasa. Rana mai zafi tana kashe masa launi, gyaran tsagewa kuma sai wanda ya san aikin faiba.

Leda, wato shimfiɗar da ake lulluɓe cikin wurin da ita don ta riƙe ruwa, iri biyu ce. Siririya, mai kaurin ƙasa da milimita ɗaya, takan yi shekara 7 zuwa 10 a canza ta, kuma ruwan da ya ɗumama sosai, irin na Afrilu da Mayu, yana sa ta tattare ta tsufa da wuri. Mai kauri milimita 1.5 da zare a ciki, wadda ake liƙawa da iska mai zafi a wurin aiki, ita ce mai amfani, musamman wajen ceto tsohon ginin bulo da ya ƙi daina yoyo. Wuraren ninkaya na roba da ƙarfe da ake kafawa a saman ƙasa, irin su Intex da Bestway, na ɗan lokaci ne. Sun dace da mai haya.

Ko wanne aka zaɓa, bututu ake fara sawa kafin zubi ko cikewa, a gwada shi da matsin ruwa, domin fasa bango daga baya yoyo ne aka saya. Injin tura ruwa ya iya juya ruwan duka cikin awa 6 zuwa 8, wato kusan lita 5,600 zuwa 7,500 a awa, ta matatar yashi. Ƙurar hunturu za ta sa a riƙa wanke matatar akai-akai, don haka a tanadi inda ruwan wankin zai tafi, ba gindin katangar maƙwabci ba. Magudanar da ke tsotse ruwa a daɓen wurin ta zama biyu, da tazarar kusan mita ɗaya, don kada tsotson ɗaya ya riƙe yaro. Fitilun ciki su zama masu bolt 12. A nisanci darbejiya da mangwaro saboda saiwa da ganye, a nisanci ramin masai, a kuma duba ko benen maƙwabta na hango wurin, tunda iyali za su shiga. Shinge mai tsayin mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta ya shiga lissafin farko. Yaro ƙarami yana nutsewa ba tare da an ji motsinsa ba.

A rubuta a yarjejeniya cewa kafin tayil za a cika wurin da ruwa, a bar kankare ya sha, sannan a sa alama a duba har kwana 7. A ajiye bokiti cike da ruwa a kan matakala, a sa masa tasa alamar. Da rani iska kaɗai kan kwashe milimita 5 zuwa 10 a yini, to idan wurin da bokitin sun sauka daidai, iska ce. Idan wurin ya fi sauka, yoyo ne, kuma ragowar kuɗin ɗan kwangila ya zauna a hannunka har a gano inda yake.